Inuwar Gawon Baba Ɗantani

Shekaranjiya wani ɗan ƙanena ya ɗora faranti huɗu a kan rufin wani shago a Tudun Wada, ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce mini ai sola ba aiki ba ce, jar waya ga ja, baƙa ga baƙa, shi ke nan. Na tambaye shi ko ya dubi benen da ake ginawa kudu da shagon. Ya ce me ya haɗa shi da benen mutane. Amma tun da ku samarin yanzu kun ɗauki sana'ar nan wasan yara, ku zauna in gaya muku yadda na koye ta, da abin da koyon ya ci.

Sunana Lawali. A Sabon Garin Gusau aka haife ni, kusa da layin dogo, ubana tela ne, kuma har na yi gemu ban taɓa riƙe fartanya da niyyar noma ba. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. Shekara bakwai na yi a shagon Malam Haruna mai naɗin waya, muna gyaran fanka da injin niƙa da janareto. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, in ka naɗa waya ba daidai ba, ba zai zage ka ba, warware ta zai yi a gabanka zare bayan zare, ya miƙo maka, ya koma kan aikinsa. Da ya zage ka ma da ya fi sauƙi.

Wata shekara aka kai shi Sakkwato wani horo na 'yan makonni, ya dawo da wani abu a naɗe cikin bargo kamar jariri. Farantin sola na farko da na taɓa gani ke nan. Ya shimfiɗa shi a rana a ƙofar shago, ya haɗa mita, allura ta tashi. Sai ya cire hularsa ya kifa a kusurwa ɗaya ta farantin. Allura ta faɗo kamar an kwaɗe ta. Na tsaya baki buɗe, don ko kashi ɗaya cikin goma na farantin hular ba ta rufe ba. Ya ce mini 'yan idanun nan da nake gani a jikinsa a jere suke aiki, kamar mutanen da ke miƙa wa juna bokiti daga bakin rijiya, in ɗaya ya tsaya duka sun tsaya. Sannan ya faɗi maganar da ya yi ta maimaita mini har ya bar duniya: kada in tambayi rana inda take yau, in tambaye ta inda za ta kasance bayan wata shida. Da damina tana bi ta tsakiyar kai, da ɗari kuwa sai ta karkata kudu, inuwar komai ta miƙe ta yi arewa.

Kayan aikinmu a wancan zamani duka jaka ɗaya ce ta fata. Mita mai allura, filaya, sukuddireba biyu, kamfas na gano kudu, da wani abu mai kama da sirinji da muke zuƙo ruwan batir da shi mu ga ƙarfinsa. Ba irin batiran da kuke ɗauka da hannu ɗaya yanzu ba, na manyan motoci muke sawa, mutum biyu ke ɗaga guda, kuma sai ana ƙara musu ruwa. Ruwan ma ba na rijiya ba. Da damina muke kafa robar wanka a tsakar fili mu tari na sama kai tsaye, wanda bai bi ta kwano ba, mu ɗura a kwalabe mu ajiye. Faranti kuwa sai an yi saƙo Kano ko Legas, a jira wata guda. In ka fasa ɗaya, ka fasa ke nan.

Da aka ba mu jiha, aiki ya buɗe. Ma'aikata suka cika Gusau, wutar gwamnati kuwa ta zama baƙuwa, ta leƙo ta gaishe ku ta koma. Ga wahalar mai, mai janareto sai ya wuni a layi ya dawo da jarka fayau. Ƙauyuka kuwa ko turken wuta ba su taɓa gani ba. Sai mutane suka fara jin cewa akwai wani gilashi da ke shan rana ya ba da haske, babu mai, babu hayaƙi, babu ƙara. Malam Haruna ya tsufa da hawa rufi, don haka ni ake turawa.

Akwai wani Alhaji a Mada da na sa wa faranti biyu don fitila da talabijin. Bayan mako uku ya aiko a fusace, wai na sayar masa da mataccen kaya. Da na je sai na tarar ya sa an yi wa farantan rumfa ta zana, mai kyau, har da ginshiƙai huɗu. Ya ce abu mai tsada haka ba zai bar shi rana ta ci ba. Na yi dariya har da riƙe ciki. Labarin nan babu teburin mai shayin da ban ba da shi ba a Gusau, ina kwaikwayon muryar Alhajin, ana tuntsirewa. Wata Hajiya kuma a Furfuri na tarar tana shanya kuɓewa a kan nata, wai ya fi tabarma saurin busarwa. Da irin waɗannan na fara ganin kaina malami a cikin jahilai. Kai ya kumbura, hula ta daina shiga.

Damina ta biyu bayan samun jiha aka ba mu aikin da ya fi kowane girma. Wani ƙaramin asibiti ne a wani ƙauye bayan Kucheri, ba zan faɗi sunansa ba. Ɗaki biyu ne da baranda. Suna da firij na kananzir da ake ajiye allurar rigakafin yara, amma kananzir ya yi wuya, sai aka kawo musu firij mai aiki da rana, aka ce mu kafa. Allurar ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro, ba ta jure zafi. In ta daɗe ba sanyi sai ƙarfinta ya tafi, kuma ba ta canza kama balle ka gane. Kwalbar da ta mutu da mai rai duk ɗaya suke a ido. Wannan an gaya mini tun kafin in tashi daga Gusau, ba zan ce ban sani ba.

Mai kula da asibitin wata mata ce, Malama Rabi, 'yar Tsafe, gajera mai kaifin murya. Ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara in mai sharar bai zo ba. Rufin asibitin ya ruɓe, ba zai ɗauki faranti shida ba, sai na yanke shawarar kafa su a ƙasa, a kan ƙarafa, a gefen kudu na ginin, inda waya za ta fi gajarta zuwa ɗakin firij. Bayan shingen wajen akwai gonar gero, a bakin gonar kuma, kamar taku goma daga inda na auna, ga wani ƙaton itace tsaye, ba ganye ko ɗaya. Ko'ina kore shar, gero ya fi mutum tsawo, shi kaɗai ya yi furu-furu kamar ƙashi. Na dube shi na ce a raina wannan ya mutu, kafin ɗari mata sun gama da shi a murhu. Na duba inuwarsa da azahar, ba ta wuce gindinsa ba.

Ina cikin haƙa ramin ƙarfe sai wani tsoho ya leƙo ta kan shinge, da fartanya a kafaɗa. Shi ne mai gonar, Baba Ɗantani. Muka gaisa, ya tambayi abin da nake dasawa, na yi masa bayani irin wanda ake yi wa yaro. Ya saurara har na gama. Da ya ji cewa abin ba ya son inuwa, sai ya waiga ya dubi itacen, ya dawo da ido kaina.

Ya ce, "Malam, iccen ga da rai nai. Kwana shika yi, ba mutuwa yay yi ba."

Na yi murmushi na ce, "Baba, kai ka san gero, ni na san wuta. Kowa shi tsaya ga gonatai."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma cikin geronsa. Ashe itacen gawo ne. Kirarinsa na mai ƙin ruwan Allah na sha ji tun ina yaro, har ni ma nakan faɗa, amma a baki na san shi, ban san shi a ido ba. Kowane ɗan ƙauye mai shekara biyar ya san gawo da damina yake zubar da ganye, in ruwa ya ɗauke ya yi sabo. Ni ɗan layin dogo da kamfas a hannu ban sani ba, kuma da aka gaya mini ban tsaya na tambayi ma'anar maganar ba.

Aikin ya yi kyau, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na ɗaure wayoyi a jere, na kafa batira huɗu a kan katako, na manna ɗan akwatin da ke tsakanin faranti da batir a bango, mai fitila koriya in batir ya cika, ja in ya yi ƙasa. Firij ya kama ƙugi, kafin la'asar ruwa ya fara daskarewa a ciki. Abu ɗaya ya rage: ma'aunin sanyin da ya zo da firij ɗin ya fashe a hanya. Na ce wa Malama Rabi zan kawo wani in na dawo zagaye. Na kuwa saya a satin, na jefa a aljihun jakata.

Daga nan ta shiga gida gida. Daga baya na ji yadda ta yi. Matan garin da yawa ba su yarda da allura ba, don a da an sha yi wa yara kuma ciwon ya zo ya kama su. Ta riƙa kawo su ɗakin tana buɗe firij su sa hannu su ji, tana ce musu wancan karon zafi ne ya ɓata maganin, yanzu kuwa rana da kanta ke tsaronsa. Baba Ɗantani na cikin waɗanda suka fara yarda. Yana da jika mace, Luba, da aka haifa a farkon damina, ya ce da zarar ta isa allura shi zai kawo ta da hannunsa.

Saƙon farko ya same ni ana gab da azumi, ta bakin wani direban da ke zuwa can ranar kasuwa. Wai Malama ta ce jar fitila tana kamawa da safe. Ina Bungudu lokacin, muna kafa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da rana, aikin da kowa ke zuwa kallo. Na ce ya gaya mata ta duba ruwan batir. Saƙo na biyu takarda ce, bayan ƙaramar Sallah. Ta rubuta cewa ruwan batir yana nan daidai, amma jar fitila ta daina mutuwa, firij kuma yakan yi shiru ya daɗe kafin ya tashi, ta roƙe ni in zo da ma'aunin. Babur ɗina kwana huɗu ke nan ba mai. Na juya bayan takardar na rubuta mata cewa jar fitila gargaɗi ne kawai, in dai ta sa hannu ta ji sanyi to magani lafiya lau, ina nan tafe. Ku ji fa, hannu. A ɗakin kwano da tsakar rana, ko ruwan randa ka taɓa sanyi za ka ji. Ita kuwa an ce mata ni ne masanin abin, sai ta yarda, ta ci gaba da allura.

Ban je ba sai da zafi ya fara, ana shirin babbar Sallah, kuma ba don kaina na je ba. Jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ne ya aiko mota ta ɗauke ni, aka ce baƙon dauro ya sauka a yankin. Da muka doshi garin na ce wa direba ya ɓata hanya, don asibitin da na sani ba shi da wata babbar bishiya a kusa. Ya ce nan ne. Na sauko na duba. Ƙashin nan da na bari ya zama wata irin rumfa koriya, ta fi asibitin faɗi, awaki sun taru a ƙasa suna cin 'ya'yan da ke zubowa. Inuwar ta tsallake shinge ta kwanta a kan rabin farantaina. A lokacin ma rana ta fara dawowa tsakiya. Ku ƙiyasta yadda abin yake a tsakiyar ɗari. Hula guda Malam Haruna ya kifa allurar mita ta faɗi, ni kuwa bishiya sukutum na kifa, wata huɗu.

Baranda cike take da mata da yara a kan tabarmi, idanu jajur, jiki duk ƙuraje, tari ta ko'ina. Malama Rabi ta fito ta rame kamar ba ita ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kai ni ɗakin firij, ta miƙo hannu, na gane abin da take nufi, na zaro ma'aunin daga aljihun jaka, yana nan cikin takardar da aka naɗo shi. Ta sa a ciki ta rufe. Muka jira. Da ta fitar, ya haura jan layin da bai kamata ya kai ba, ya wuce da nisa. Na zuƙo ruwan batiran ɗaya bayan ɗaya, duk huɗun sun mutu murus.

Ta ce, "Sau biyu na aiko maka, Malam Lawali."

Sannan ta ɗauko katunan yara ta baje a kan murfin firij. Abin da ya fi tayar mata da hankali ba yawan masu ciwon ba ne. Cikin waɗanda ke kwance har da waɗanda ta yi wa allura da hannunta bayan azumi, waɗanda ta rantse wa iyayensu. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Ta zaro kati ɗaya ta ajiye daban. Na Luba ne. Kwana uku ke nan da binne ta.

Jami'in lafiya ya ce ba wanda zai iya rantsewa cewa zafin ne, don ko da allura mai kyau akan samu yaron da ba ta kama ba. Ya faɗi haka ne don ya sanyaya mini. Amma dai ya kwashe sauran kwalaben duka ya ce a zubar. Ban taɓa ɓuya a bayan maganarsa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Ina ɗaure matattun batiran a mota sai ga Baba Ɗantani, a daidai wurin da ya tsaya da damina. Na yi masa gaisuwar rashi, ya amsa. Sai ya ce yana da tambaya guda, in faɗa masa tsakanina da Allah.

"An ce inuwa taɓ ɓata maganin. Inuwar iccena ce tak kashe Luba?"

Mutane suna kusa, jami'in yana jina. Na ce, "Inuwa ce ta hana batir cika, Baba."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan magana, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba. Ban ce masa shi ya gaya mini na ƙi ji ba. Ban ce masa gyaran bai wuce in tuge ƙarafa huɗu in kai su ɗaya gefen ginin ba, aikin wuni ɗaya. Tsoro ne ya kama ni, da kunya. Ya gyaɗa kai ya juya.

Bayan mako biyu na dawo da sababbin batira da ƙarin waya, da niyyar matsar da farantan. Tun daga nesa na ga sararin sama a inda bai kamata ba. An sare gawon. Kwana huɗu, aka ce, maza uku suka yi suna saransa. Ku da ba ku san gawo ba kamar yadda ban sani ba, manomi ba ya taɓa shi. Geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina a gona, 'ya'yansa ke sa ragon layya ƙiba, inuwarsa ita ce ɗakin hutun rani. Wannan kuwa kakan Baba Ɗantani ya tarar da shi a tsaye. Ga shi a kwance an daddatsa, ganyen bai gama bushewa ba. Farantaina shida suna shan rana tas, a daidai inda na kafa su. Na haɗa mita don hannuna ya samu abin yi, allura ta tafi har ƙarshe. Duk wanda ya zo duba aikin ranar zai ce Lawali gwani ne.

Tsohon ya taho a hankali, ya tsaya kusa da kututturen. Ya ce in yafe masa, na zo garinsu da alheri itacensa ya ɓata mini aiki, yanzu ya kawar da shi, ba zai ƙara taɓa ɗan kowa ba. Wallahi da mari ya kai mini da na fi jin daɗi. A nan bakina ya buɗe, lokacin da buɗewar ba ta da sauran amfani. Na ce masa itacen ba shi da laifi. Na tuna masa abin da ya gaya mini da damina da amsar da na ba shi, na gaya masa zancen saƙo biyun da ma'aunin da ya yi wata da watanni a jakata, na ce da ma matsar da farantan na zo yi.

Ya daɗe yana duban kututturen. Bai zage ni ba, bai yi kuka ba. Ya sa tafin hannu ya share garin saran da ke kai, kamar mai shirin zama, sai kuma ya fasa.

Ya ce, "Da ka hwaɗi haka wancan zuwan, Malam, da yanzu muna da inuwar da za mu zauna mu yi wagga magana."

Azahar ce, rana tana tsakiyar kai. Muka tsaya a cikinta, ni da shi, babu inda za mu raɓa.